Ku da Kuka Ce Babu Korona, Ina Bokitin?

'Yan majalisar bakin titi na Ashige! Na san kun daɗe kuna jiran ranar da za ku ce mini "ai mun faɗa maka". To ga fili ga mai doki. Tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta sa kan korona. Gwamnatinmu ma tun Disamba 2022 ta daina tilasta sanya takunkumin fuska a jirgin sama, wanda da ma ba hawa kuke yi ba. Sahun sallah ya haɗe, kasuwa na ci, an koma gaisawa hannu bibbiyu. Madalla.

Sai dai ku bar ni in tuna muku maganganunku na 2020. Da aka ce wani ɗan Italiya ya shigo da ita Legas a ƙarshen Fabrairu, kuka ce ta Turawa ce, ranar Lafia za ta gasa ta. Da ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a watan Afrilu, kuka gyara zance, wai ta manya ce, masu kwana cikin sanyin na'ura. Da ta ɗauki Suleiman Adamu, ɗan majalisar dokokin jiharmu ta Nasarawa, kuka ce ai shi ma babba ne. Masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa, har ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito ya ce an ƙirga rasuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar, sai kuka ce zafin bazara ne. Malam, kai dai ba a rasa amsa a bakinka.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. A 2022 jihar Nasarawa tana sahun gaba a duk ƙasar nan wajen karɓar rigakafin korona. To wa ya miƙa damtse? Aljanu? Ranka ya daɗe Alhaji, kai da ka rantse allurar ba za ta taɓa jikinka ba: Saudiyya ta hana baƙi aikin Hajji a 2020 da 2021, da ta buɗe a 2022 ta ce sai da shaidar rigakafi, kuma an gan ka a layi, hannun riga a naɗe, kana tambayar ko akwai ta biyu. Allah Ya karɓi ibada.

Inda kuke da gaskiya ba zan danne ba. Dokar kulle ta gasa wa talaka aya a hannu. An rufe iyakokin jihohi har zuwa 1 ga Yuli 2020, manomi na kallon doyarsa, mai saye kuwa ya kasa isowa. Kayan tallafin da aka yi ta sanarwa a rediyo suna jibge a rumbuna a jihohi da dama, sai da jama'a suka fasa su a watan Oktoba. Wanda ya ga wannan ya yi shakkar gwamnati, ban ga laifinsa ba.

Amma cutar da kuka ce babu ita, har yau kuna biyan kuɗinta. An ce direba ya rage fasinja, ya rage, ya ƙara kuɗin mota. Doka ta tashi, aka koma biyu a gaba huɗu a baya, kuɗin bai sauko ba, har cire tallafin man fetur a Mayu 2023 ya zo ya rufa wa direbobi asiri. Makarantu sun yi watanni a rufe, kuma kowa a nan ya san yaron da ya tafi gona ko yarinyar da ta ɗauki farantin talla, aka buɗe makaranta ba su koma ba. Wannan ban ji majalisa ta tattauna shi ba.

Takunkumi kam ya sami aiki, 'yan acaɓa na tare ƙurar hunturu da shi. Bokitin nan mai famfo fa, wanda aka girke a ƙofar masallaci da makaranta da shago? Yanzu zoɓo ake zubawa a ciki, sabulun kuwa ya bi uwargida wanki.

Bari in ba ku makami, tunda kuna son lissafi. Mamatan korona da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta rubuta a Najeriya gaba ɗaya 3,155 ne. A shekarar 2021 kaɗai kwalara ta kashe fiye da mutum 3,500. Na ji ku, kuna cewa "ka gani!" Na gani, Baba. Amai da gudawa dai ba ku taɓa musun sa ba, zazzaɓin Lassa da ɓera ke kawowa duk rani ma kun san shi a jihar nan, kuma babu mai cewa Bature ne ya ƙirƙiro su don a ci kuɗi. Ruwa mai tsabta da sabulu na daga cikin manyan makaman yaƙi da su.

Ku ci gaba da ƙaryata korona, na bar muku. Amma don Allah mai unguwa da liman, a juye zoɓon nan, a mayar da bokiti bakin ƙofa kafin damina ta sauka.