Bakano a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Dangin mahaifiyata na Fot Sudan jikokin wani alhaji ne da ya bar Kano a ƙasa, ya sauke farali, ya dawo ta Sawakin, guzuri ya ƙare, shi kuwa ya yi aure. Irinsu suna da yawa a Sudan, har gobe kuma Hausa suke yi, sai dai an barbaɗa mata Larabci. Da na kai musu ziyara, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, Kawu ya tambaye ni ko na iya ruwa. A gaban mata aka yi tambayar. Na ce ai da iyo na tashi. Kududdufin bayan badala nake nufi, wanda ko a marka iyakarsa ƙirji.

"Madalla," in ji Kawu. "Taubashinka a jirgin masu nutso yake aiki. Gobe sai ku tafi."

Duk wanda ya san wasan taubasai ya san an ba kura ajiyar nama.

Jirgin mai filafilai ne, iska ke tura shi. Muna fita daga tasha ya soma rangaji, cikina ya bi shi. Ful ɗin da na ci da safe, wato dafaffen wakensu, da man riɗinsa da albasarsa, duk na yi wa kifayen Bahar Maliya sadaka da shi. Taubashina ya dafa ni yana cewa, "Sannu, Yaya, Allah ya karɓa." Sallah ma sai da ta zama shari'a. Daga nan Makka tana arewa maso gabas, tsallaken ruwan kawai, ban taɓa kusantar alƙibla haka ba. Amma jirgin da aka ɗaure da anga juyawa yake yi. Na kabbarta ina kallon Hijaz, na sallame ina kallon Habasha.

Muka isa Sanganeb, kimanin kilomita 25 daga gaɓa. Zobe ne na murjani da ya taso daga zurfin teku, ga hasumiya mai fitila a tsaye a kansa. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Ni a wuyan mata na san murjani. Ashe 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne masu rai ke gina shi, sau da yawa shekara guda ta wuce bai ƙaru da tsawon ɗan yatsa ba, shi ya sa ake hana taɓawa. Akwai ma wani iri da ke hana kansa, in ka goge shi ya ƙona ka.

Mai koyar da nutson Bature ne ɗan Italiya, rana ta gasa shi ya yi jawur. Ya ba ni rigar roba. Mutum biyu suka taru suka cusa ni ciki, na fito kamar buhun gero da aka cika aka ɗinke bakinsa. Aka ɗaura mini ɗamarar dalma don in nutse. Aka goya mini tulun iska. Ya miƙo gilashin fuska ya ce in tofa yawu a ciki in goge, wai don kada ya yi hazo. Na duba fuskar taubashina ko haɗin baki ne. Sai na ga Turawan jirgin duka, har da wata dattijuwa, kowa na tofawa cikin natsuwa. Gashin bakina kuma aka ce zai shigo da ruwa, aka laɓta masa basilin.

Dokokin ba su da yawa. Kada ka riƙe numfashi, musamman in kana tasowa, don iskar huhu kumbura take yi. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara maka nauyi daidai da na iskar sararin duniya, saboda haka ka riƙa toshe hanci kana hurawa a hankali har kunne ya buɗe. Sannan babu magana. Wannan ta ƙarshen ce ta karya ni. Bakano da bakinsa yake ci, da shi yake ciniki, da shi yake fita daga rigima. Ga shi an cusa mini roba a ciki an ce in cije.

Muka nutsa. Gaskiya Allah ya yi halitta. Kifaye shuɗi da ɗorawa da masu zane suna ta kaiwa da komowa, babu mai ba wani hanya kuma babu karo. Wani mai bakin aku yana gurgurar murjani, ina jin ƙarar haƙoransa, yana kuma zubar da farin yashi ta baya. Daga baya aka gaya mini wani kaso na yashin gaɓar da Turawa ke kwanciya a kai daga nan ya fito. Ban faɗa wa dattijuwar ba.

Baturen ya juyo ya tambaye ni da hannu ko lafiya. Na ɗaga masa babban yatsa. Nan take ya cafke ni ya yi sama da ni. A saman ruwa ya ce me ya faru, na ce babu komai. Muka koma. Ya sake tambaya, na sake ɗaga yatsa, har da gyaɗa kai, muka sake tasowa. Taubashina ya kusa shaƙe ruwa don dariya. A wurin masu nutso babban yatsa sama na nufin a fita. In lafiya kake, sai ka haɗa babban yatsa da manuni ka yi zobe. An yi wannan bayanin tun a hanya, lokacin ina bakin jirgi ina raba sadaka.

Daga nan na riƙe zoben nan gam. Kome aka nuna mini, zobe. Wani kifin shak ya gilma can ƙasa, na fara Ayatul Kursiyyu, ta fita kumfa-kumfa, hannuna kuwa zobe.

A hanyar komawa muka tsaya kusa da Fot Sudan, aka ce akwai tsohon jirgi a kwance a ƙasa, gefensa ɗaya ba shi da zurfi. Na bi su. Ƙato ne, ya kwanta a kan haƙarƙarinsa, murjani ya lulluɓe shi. Na yi ta shawagi a kansa, har ƙafata ta daki ƙarfen sau ɗaya, ya yi ƙara. Taubashina ya matso, ya nuna jirgin, ya dunƙule hannuwansa ya watsa su. Na yi masa zobe.

Sai da muka hau, ana shan jabana, gahawarsu mai citta, matuƙin jirgi ya ba da labari. Sunansa Umbria, na Italiya. A watan Yunin 1940, da Italiya ta shiga yaƙin duniya, ma'aikatansa suka nutsar da shi da kansu don kada Ingilishi su ƙwace kayan ciki. Kayan kuwa bama-bamai ne, kusan 360,000, kuma ba a kwashe su ba.

Finjalin ya faɗi daga hannuna. Bakina ya dawo gaba ɗaya. Na yi wa taubashina tas, na haɗa da kakansa da bai iya lissafin guzuri ba. Na ce don me ba a gaya mini ba?

"Haba Yaya," ya ce, "ai na gaya maka a can ƙasa. Ka ce lafiya lau."