Sifika Shida a Hannun Bakano

Gaisuwa ga bawana na birnin Dabo, Alhaji mai kunnen ƙashi. Ina Hajiya da yara? Ina kuma maƙwabta, bayin Allah, waɗanda na ji an ce tun da ka shigo da sababbin kayan sautin nan ba su ƙara samun barcin kirki ba?

Labari ya iso Zariya tun kafin ka gama yage ledoji. An ce ka shiga kasuwar Sabon Gari ka kafe a kan ciniki tun hantsi har azahar, sai da mai shago ya rantse faɗuwa zai yi, sannan ka sa aka loda maka kwalaye a bayan mota: amfilifaya ɗaya, ƙananan sifikoki biyar, da ƙatuwar wufa. Abin da ya tafi da hankalinka kuwa lambar nan ce da aka zana da ja a jikin kwali, wat 5000. Ita kake karanta wa duk wanda ya kira ka, har da wanda ya kira don ya gayyace ka suna. To don Allah juya amfilifayar ka duba bayanta, kusa da inda wayar wuta ta shiga. Akwai ɗan siririn rubutu da ke faɗin wutar da take sha. In ka tarar da ɗari da 'yan kai, sai ka tambayi kanka, kai da ka iya lissafin riba tun kana goye, ta yaya za ta sha ɗari ta amayo dubu biyar. Haruffan nan huɗu da ke maƙale da babbar lambar, PMPO, awo ne na ƙiftawar ido, babu wata ƙa'ida da ta ɗaure shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ransa ya so. Masu abin RMS suke dubawa, wato ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. An yi wa ɗan kasuwa kasuwanci a cikin garinsu, da rana tsaka.

Duk da haka kayan za su iya da falonka. Aika-aikar a wajen jeri ka yi ta. Na ga hoton da ka turo kana taƙama: sifikoki biyar a kan teburin talabijin, kafaɗa da kafaɗa, kamar bandiran atamfa a Kantin Kwari, don duk wanda ya yi sallama ya ƙirga da ido ya san an kashe kuɗi. Tun 1940, da kamfanin Disney ya fito da fim ɗin Fantasia, masana ke fafutukar yadda sauti zai kewaye mai kallo. Dolby Digital ya shiga gidajen sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park. Wahalar shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kai kuma ka tattara ta ka mayar gaban ɗaki tsakanin la'asar da magariba.

Kowace sifika da mazauninta, kuma ba mu Zagezagi muka ƙirƙiro ba, kafin ka ce ƙaƙale ne irin na 'yan boko. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ta fitar da ƙa'idar tun 1992, mai lamba BS.775. Ta tsakiya, doguwar nan mai kwanciya, tana zama saitin hancinka, ƙasan talabijin ko samansa, don kusan duk maganar 'yan wasa ta cikinta take fita. Ta hagu da ta dama su buɗe digiri 30 kowace. Na san ba ka san digiri ba, ku mudu da tiya da yadi kuka gada, to ga shi da harshenku: tazarar da ke tsakanin su biyun ta zama daidai da tazarar kowaccensu zuwa inda kake zama, tsayinsu daidai kunnenka kana zaune. Biyun da suka rage na kewaye ne, wajen digiri 110, wato a gefenka, su ɗan wuce kafaɗa ta baya, su ɗan ɗara kunne tsawo. Kujerarka mai cin mutum uku a manne take da bango, irin ta kowane falo a ƙasar nan. Ko ka jawo ta gaba kamu biyu, ko ka ɗora na kewayen a gefe da gefe suna kallon juna. Hajiya za ta yi ƙorafin waya ta ɓata mata ado. A bi da ita ta gindin bango.

Sai kukan da ka fi yi, wai biyu daga ciki kurame ne, mai shago ya cuce ka. A shago ai duk sun yi ruri. Ƙwarai kuwa, domin waƙa ya sa maka, ya danna maɓallin da ke zuba sauti iri ɗaya a duk sifikokin, kai kuma kana ta gyaɗa kai. Kafin ka ɗau kwali ka koma rigima, shiga saitin amfilifaya ka kunna sautin gwaji, wata shuuu ce da ke zagayawa daga wannan sifika zuwa waccan. Duk wadda ta amsa lafiyarta ƙalau. In sun amsa duka, to matsalar tana ga abin da kake ɗura musu.

Da wace waya ka haɗa dikoda da amfilifaya? Kada ka wahalar da kanka, na sani: mai kai ja da fari, wadda ta rage tun zamanin bidiyon kaset. Hanya biyu kawai take ɗauka, hagu da dama. Bluetooth ɗin da kake jona wayar hannunka da shi, shi ma biyun ne. Hanya shida sai ta HDMI, ko ta siririyar wayar nan mai jan haske a baki. In ta talabijin sautin zai bi ya dawo, ba kowane rami ne ke mayarwa ba, sai wanda aka rubuta ARC a gefensa, kuma a amfilifayar ma ramin ARC za ka nema. Daga nan ka shiga saitin sauti na talabijin da na dikoda. Muddin yana kan PCM, wayar haske da ARC na gargajiya biyu za su miƙa, sai ka mayar da shi Bitstream ko Auto ko Dolby Digital, gwargwadon abin da naka ya rubuta. In fuskar amfilifaya ta nuna Dolby Digital ko DTS, an dace.

Ko an dace ɗin, kada ka zauna jiran na baya su yi ta zuba, har ka samu bakin cewa sun ci suda irin namu. Aikinsu ruwan sama ne, da ihun 'yan kallo a filin ƙwallo, da jirgin da ya wuce ta bayan ƙeya. Wani lokaci minti goma sai su yi tsit, haka mai fim ya tsara. Sannan abin da ka fi kallo, shirye-shiryenmu na Hausa da ake ɗorawa a YouTube da wa'azi da labarai, galibinsu da hanya biyu aka haɗa su tun asali, babu abin da za a aika baya. A nan ne Pro Logic II ke da rana, in naka yana da shi: yana tsinto magana ya kai tsakiya, ya watsa ɗan amo a baya. In kana son jin abin da ka biya, nemi fim ɗin da aka rubuta 5.1 a jikinsa, Netflix ma yana nunawa.

Wa ya ɗaura maka wayoyin? Yaron shagonka, na ji, don kada a biya mai gyara. Kowace sifika waya biyu gare ta, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi, a can da nan. In aka juya guda, fatar wannan tana turowa ta waccan tana janyewa, sai kaurin sauti ya zube, murya ta rasa wurin tsayawa, ka ji ta ko'ina kuma ba ko'ina ba. Da yake ya yi ƙari da guntayen waya ya naɗe da salatif har launi ya ɓace, cire bakin wayar daga amfilifaya ka taɓa ta da batirin rimot mai bolt ɗaya da rabi, taɓawa ɗaya. In fatar ta yunƙuro waje, wadda ke kan ƙoƙon batirin ita ce ja. Ka kuma duba ko wani silin tagulla ya tsere ya taɓa ɗan'uwansa, domin shi ne ke sa amfilifaya ta rubuta PROTECT ta kashe kanta. Mari ba ya gyara wannan, ka daina. Ka kuma fito da ita daga cikin durowar da ka rufe ta, tana buƙatar iska, balle a zafin Kano.

Yanzu mu zo kan wufa, inda na fi jin daɗi. Ka cusa ta a lungu, jikin kabad ɗin tangaran na Hajiya, ka murɗe ta har ƙarshe. Ko a fim aka rufe ƙofar mota, sai kofunan aure su kama rawa. Lungu yana kumbura kaurin sauti, kuma ɗaki yana da wuraren da gurnanin ke taruwa da wuraren da yake mutuwa, shi ya sa kai a kujerarka ba ka jin komai kana ƙarawa, mai zaune bakin ƙofa kuwa haƙarƙarinsa na girgiza. Maganin da masana suka yarda da shi, wallahi ba ni na ƙaga don in wulaƙanta ka ba, shi ne ka ɗauki wufar ka ɗora ta a kujerarka, daidai inda kake zama, ka sa kiɗa mai kauri, sannan ka durƙusa ka yi rarrafe ka bi gindin bango kana saurare. Inda ka ji sautin ya fito sumul, ba ruri ba rama, nan ne gidanta. Ka mayar da ita can, kai ka koma kujera. Roƙona ɗaya, ka yi shi da babbar riga da hular zanna, kuma a sanar da ni rana. Zan shigo motar farko, in zo da shaidu daga Tudun Wada, mu ga Bakano ya durƙusa a kan abin da ba kuɗi ya faɗi ba.

In ka miƙe ka karkaɗe gwiwa, akwai wurin da amfilifaya za ta tambaye ka girman sifikokinka. Na san zuciyarka, LARGE za ka danna, don Bakano bai taɓa yarda nasa ƙarami ba ne. Danna SMALL, ka sa iyaka a kan 80, ko 100 zuwa 120 tunda naka 'yan mitsi-mitsi ne. Duk abin da ya yi ƙasa da haka sai a miƙa wa wufa, su kuma su huta su fitar da magana tas. Akwai kuma wurin rubuta nisan kowace daga kujerarka. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka wadda ta fi kusa tana riga sauran isowa, na'urar ce ke ɗan riƙe ta su iso tare. Ara tef ɗin awo wurin tela ka auna da gaskiya. Manyan amfilifayoyi suna zuwa da ɗan makirfo su yi wannan da kansu, Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, amma sai an yi shiru, ba janareta na kuka a tsakar gida kai kuma kana ciniki a waya ba.

Falon ma da nasa. Ka kwashe kafet ka shimfiɗa tayil wai kafet ƙauyanci ne, ka cire labule masu kauri. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya, za ka ji tafin ya dawo maka da 'yar ƙara. Haka maganar fim ke dukan tayil da bango ta cakuɗe, shi ya sa kake ta “me ya ce?” Dawo da dardumar nan tsakaninka da talabijin, ka ƙara wa ta tsakiya maki biyu ko uku. In murya ta riga baki, akwai saitin jinkiri. Gurnanin da ke tashi ko ba a kunna komai ba kuwa, zare wayar dish daga dikoda ka ji. In ya ɗauke, ta nan amon wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa ke shigowa, kuma akwai ɗan abin da ake sa wa a bakin wayar ya raba su. Kada wani gwani ya ce ka karya dogon haƙorin fulogi, shi ne ke tsare ka daga jan wuta.

Ka lura kusan duk abin da na lissafa ba ya cin ko sisi, kuma nan ne na san za mu ɓata, don kai ba ka yarda da maganin da ba a yi cinikinsa ba. Shi ya sa na ji kana shirin aikawa Alaba a Legas a sayo maka tokumbo mai Dolby Atmos, tsarin da ya fito a 2012, wanda ke son ƙarin sifikoki a sama. Mutumin da ya kasa zaunar da biyar a ƙasa zai fasa silin. In ka ƙi ji, aƙalla ka karanta bayanta kafin ka jona: wadda aka yi don Amurka bolt 120 take ci, tamu wutar 230 ce, in babu taransifoma mai rage wuta, ƙauri za ka ji kafin ka ji fim. Ka nemi maɓallin yanayin dare kuma, yana danne harbe-harbe ya ɗaga magana, ko liman ya daina kallonka a sahun asuba.

Da yake kyauta ba ta shiga kunnenka, wannan shawara ta kuɗi ce. Haɗa ladanta da kuɗin sharar bara da ka maƙale, ka ba direban Zariya, kuma ban karɓar ragi.