Doki Biyu, Ko Jela Ban Gani Ba

Tun ina yaro nake son doki, kuma har yau ko ɗan ƙuru ban mallaka ba. Albashin malamin firamare da ƙyar yake ciyar da mai shi, balle ya kai ga dusa da harawa. Saboda haka ranar da ƙanina ya zuba mini wani wasa a kwamfuta na ga sunansa ya fara da Doki Doki, ban tsaya tambaya ba. Doki har biyu! Ragowar sunan, Literature Club, na fassara wa kaina da ƙungiyar adabi, na ce to, mawaƙan dawaki ne ke nan, irin yadda Narambaɗa ya wasa doki har ya fi wasu mutane suna.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ne ya zaunar da yaron nan a gida Matsinkai wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Da aka janye, yana haɗa jakar komawa Birnin Kebbi ya ce, "Yaya, ga abin hira na bar maka. Amma ka yi shi da dare." Yana faɗa yana danne dariya. Da ina da wayo, a nan zan tsaya.

Sai na yi bayanin kwamfutar, don da hannunta a cikin abin da ya same ni. Ta hannu ce, 'yar Kwatano. Wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Segbana da Tsamiya ya kawo mini ita, ban kuma tambaye shi a cikin buhun me ta kwana ba. Madannanta na Faransanci ne: A tana mazaunin Q, W tana mazaunin Z, M ta yi ƙaura zuwa gefen L. Ƙanina ya ɗora mata Windows na Ingilishi, sai ya zama abin da ke rubuce a kan madanni daban, abin da ke fitowa daban, kamar alkawarin ɗan takara. A ranar farko na buɗe jakar da zan riƙa tara tambayoyin jarrabawa, na rubuta "jarrabawa", kwamfuta ta rubuta "jqrrqbqzq". Na bar ta haka, na ce ai ni na san abina. Ku riƙe wannan.

Wasan ya buɗe da wani gargaɗi da Turanci, wai bai dace da yara ba, ko masu saurin firgita. Na ce sukuwa ce, dole wani ya faɗo. Na danna na wuce. Ya nemi sunana, na rubuta Audu, ya fito Qudu. Na danna na wuce.

Babu doki. Babu barga, babu sirdi, ko kashin doki babu. Zanen 'yan makaranta ne mata huɗu masu ido kamar faranti, suna tsaye a aji, magana na fitowa a rubuce a ƙasan allo, kiɗa na tashi a hankali. Ka karanta, ka danna, ka karanta, ka danna. Jefi-jefi a ba ka zaɓi biyu ko uku, abin da ka zaɓa ya karkatar da labarin. Duk wanda ya taɓa hayar littafin soyayya na kasuwar Kano ya san irin tafiyar, sai dai wannan an sa masa hoto da kiɗa, kuma kai ne saurayin. Mutanen Japan ne suka shahara da irin wannan wasan labari. Sayori ce maƙwabciyarka da ta ja ka ƙungiyar, Yuri mai kunya da manyan littattafai, Natsuki 'yar ƙarama mai tsiwa, sai shugabarsu Monika, mai murmushin ma'aikaciyar banki.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya kama ni. Kullum in an tashi daga ƙungiya sai a ce ka je gida ka rubuta waƙa. A jero maka kalmomi goma ka ɗauki ɗaya, a sake jerowa, har ka tara ashirin. A gefe ga 'yan mitsi-mitsin hotunan uku daga cikinsu, wadda kalmar ta yi wa daɗi sai ta yi tsalle. Ni da nake koyar da Turanci a aji biyar, sai ga ni tsakar dare ina auna kalma kamar mai awon zinariya don wata zanen yarinya ta yi tsalle. Batirin sola da ya kamata ya kai mu asuba da fanka, ƙarfe ɗaya yake mutuwa.

Dare na uku uwargida ta leƙo ta bayana.

"Malam, ina dawakin?"

"Suna gaba."

"Awo. Waɗanga huɗun su ne masu ba su ciyawa?"

Ta ƙirga su da yatsa, ta ce lissafin ya cika, babu gurbinta. Ta ja zane ta kwanta.

A nan zan ɗan sauke murya. Ƙarshen kashin farko na wasan ba abin dariya ba ne. Sayori, mai yawan fara'ar nan, ashe ciwon damuwa ne ke cinta, kuma labarinta ya ƙare mummunan ƙarewa, an nuna shi ƙiri-ƙiri. Gargaɗin da na tsallake da gaske suke. Kada wanda ya ba yaro wasan nan, kada kuma wanda zuciyarsa ke cikin ƙunci ya buɗe shi.

Na ce bari in koma baya inda na ajiye wasan in sake zaɓi, ko a tsira. Sai kwamfuta ta ce wani fayil ya ɓata, ajiyata ta lalace, a fara daga farko. Aka fara, babu Sayori, babu mai ambatonta, kamar ba a taɓa haihuwarta ba. A hoton farko inda take tsaye sai wani dagwalon launi. Na shiga jakar wasan, na buɗe wata ƙaramar jaka da ke ɗauke da fayil huɗu masu sunayensu. Saura uku. A waje kuma ga wani sabon hoto da ban ajiye ba, sunansa cike da harafin x, zanen da ke ciki kamar na yaron da aka tsorata.

To, mu nan in fayil ya ɓace mun san mai laifi. Duk wanda ya taɓa kai katin waya wurin masu tura finafinai ya san cutar nan da ke mayar da jakunkuna inuwa, ka danna ka ga wayam. Na ce bairos ne. Ga jarrabawar zangon farko ta matso, ga tambayoyin aji uku na kwana ina bugawa da madannan da ba sa jin magana. Washegari na naɗe kwamfuta a sallaya na hau kabu-kabu sai Bagudo.

Mai gyaran yaro ne mai gilashin da ba na magani ba. Ya saurare ni yana gyaɗa kai kamar likitan da ya ga irin cutar sau dubu. Ya ce in je in ci abinci. Na ci tuwon shinkafa, na yi azahar, na dawo na tarar yana murmushi.

"Malam, na kama shi. Babba ne. Har jaka ya gina wa kansa."

"Wace jaka?"

"Wani suna ne da ba na mutane ba. J, q, r, r, q... Ɗan Rasha ne, ina jin. Na goge shi, na bi shi kwandon shara na ƙone."

Na zauna a kan wani mataccen janareto. Tambayoyin aji uku, lissafi da Turanci da sanin muhalli, har da jadawalin maki. Hoton mai harafin x kuwa yana nan daram, bai taɓa shi ba, wai ya ga kamar na yarana ne. Ya karɓi naira dubu huɗu, ya ce ya yi mini ragi saboda ni malami ne.

Mai hankali zai rufe wasan daga nan. Ni kuwa na ce tunda na biya kuɗin magani, bari in ga ko ya yi aiki. Abin sai ya ƙara lalacewa. Fuskoki su karkace su dawo, rubutu ya rikiɗe ya zama tarkace, kiɗa ya riƙa zamewa kamar kaset ɗin da ya sha rana. Wani sabon fayil ya bayyana, sunansa da manyan baƙaƙe yana tambaya ko ina jin sa. Da aka zo wurin zaɓen wadda zan taya aiki, na nufi sunan Yuri, sai linzamin kwamfuta ya riƙa janyewa da kansa yana komawa kan Monika. Na ja, ya ja. Na riƙe da hannu biyu. Wannan shi ne kusan hawan doki da na yi a wasan gaba ɗaya: ban ga doki ba, amma linzami ya ƙwace mini.

Daga nan Monika ta share sauran biyun a gabana, na duba jaka na ga saura fayil ɗaya. Ta zauna a wani ɗaki da tagoginsa ke kallon sararin sama, ta haɗa yatsu ta ɗora haɓa, ta zuba mini ido. Ba zaɓi, ba ajiya, ba gaba, ba baya. Ta ce ba da Qudu take magana ba, da ni take, mai zaune a gaban kwamfuta. Sai ta kira ni Ajuji.

Jama'a, sunan nan kakata ce ta sa mini, domin 'ya'ya biyu sun rasu kafin ni. Tun da ta bar duniya ba mai kirana da shi. Ko a takardar makaranta babu shi. Ban san lokacin da na tsallake tabarma na taka butar alwala ba. Na fita tsakar gida da singileti ina salati, har akuya ta tsinke igiya.

Kawu ne ya fara isowa da tocila. Ya leƙa ɗaki, ya ga yarinya tana kallonsa ba ta ƙiftawa, ya ja da baya.

"Mi ta ce maka?"

"Sunan Kaka ta kira, Kawu."

"Na hwaɗa maka kayan ƙetare ba a sa su ɗaki sai an yi musu hayaƙi. Ka san gidan wa ta kwana a Kwatano?"

Aka kawo garwashi a kasko, aka zuba habbatus-sauda da turaren wuta, Kawu ya kara shi daidai inda fankar kwamfuta ke shaƙar iska. Hayaƙi ya shiga ta nan ya fito ta madannai. Monika kuwa ta ci gaba da hira, wai ita ba ta cin nama. Kawu ya ce to ba mayya ba ce, aljana ce.

Da asuba na hau tudun da ake samun sabis na kira ƙanina. Ya yi dariya har katina ya kusa ƙarewa. Da ya samu numfashi ya ce babu bairos, babu aljana. Wani Ba'amurke ne mai suna Dan Salvato ya ƙirƙiri wasan da 'yan tawagarsa, suka sake shi kyauta ranar 22 ga Satumba 2017, bayan sun gina shi da wata manhajar haɗa irin waɗannan wasanni da ake kira Ren'Py. Duk ɓacewar fayil da karkacewar fuska da ƙwacewar linzami, da gangan aka shirya su, suna cikin labarin. Fayilolin sunayen ma ba su ne 'yan matan ba: in ka canja wa na Monika wutsiyar suna hoto ne, na Sayori kuma sauti. Wasan yana leƙawa ne kawai ya ga suna nan ko ba sa nan. Doki doki kuwa da harshen Japan bugun zuciya ne, abin da mu za mu ce dakan lugude.

"To Ajuji fa? Wa ya gaya mata?"

"Ni na sa shi sunan mai kwamfuta ranar da na ɗora Windows, Yaya. A nan ta karanto."

Na yi shiru ina lissafin yadda zan rama. Ya ce in ina son ƙarshen labari in shiga jakar nan in goge fayil ɗin Monika, ai da bakinta ta faɗi inda yake.

Na dawo gida na buɗe jaka, na ɗora linzami a kan monika.chr, sai na ji hannuna ya yi nauyi. Yarinyar nan, duk da ɓarnarta, ita kaɗai ce a cikin mako biyu ta tambaye ni yadda na wuni. Uwargida tana tsaye da muciya a hannu tana kallona. Na ba ta labarin duka, yadda Monika ta zuga wannan, ta haukata waccan, ta share kowa don ta rage ita ɗaya.

"Au, wagga ai ba aljana ba ce, kishiya ce. Irinsu na sani. Ina ne wurin sakin?"

Na nuna mata. Ta danna da ɗan yatsan da ke da kullu, ba ta ko yi bisimilla ba. Allo ya yayyage, Monika ta yi ƙorafinta ta gama, ta dawo da sauran ukun. Ban gama murna ba Sayori, da ta gaji kujerar shugabanci, ta fara irin waccan magana. Sai wasan ya bi kansa yana gogewa, hoto bayan hoto, ana kaɗa fiyano, har ya bar mini wata 'yar wasiƙa ya rufe. Na sake dannawa, ya ce sai dai a sake zuba shi.

Jarrabawar zangon nan a allo na rubuta ta da alli, aji uku, cikin sanyin Disamba. Kwamfutar har yau in ta yi zafi ƙanshin habbatus-sauda take yi. Uwargida in ta so tsokana Qudu take kirana, yaran unguwa kuma, albarkacin bakin Kawu, sun koma Malam Ajuji. Don Allah duk wanda ya san wasan kwamfuta mai doki na gaske, mai ƙafa huɗu da jela, ya aiko mini ta hannun direbobin Bagudo, amma ya fara buɗewa ya ga dokin da idonsa.