Mai Kaza a Aljihu da Sauran Jaruman Hillat Kuku

Wani ƙanena da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya bugo mini waya kwanan baya, yana ba ni labarin wata gardama da ta raba kan masu bindiga a can. A jihohinsu doka ta yarda mutum ya soke ƙaramar bindiga a ƙugu, ya rufa da riga, ya shiga kasuwa abinsa. Gardamar ita ce: wanda ya ɓoye bindiga, ya dace kuma ya sa riga mai hoton bindiga, ko ya manna sitikar Glock a gilashin motarsa? Wasu sun ce alamar tana korar ɓarawo. Wasu sun ce katin gayyata ne, domin da ɓarawo ya ga sitika ya san motar da zai fasa. Ya ce, "Yaya, kai me ka gani?" Na ce ya gyara zama, domin mu a Hillat Kuku mun riga mun zauna wannan jarrabawa, sakamako ma ya fito.

Ga wanda bai san wurin ba, Hillat Kuku tana gabashin Bahri, a kan hanyar Haj Yusif, kuma da madara Khartum ta san ta: garken shanu, kwalejin likitan dabbobi, masu jakuna da gwangwanayen nono tun asuba. Ba inda za ka zaci tarar da mayaƙa ba ne. Amma na yi shekaru ina zama wajen wata mai shayi kusa da tasha, kuma daga wannan 'yar kujera na ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi kowa shiga ido shi ne direban rakasha, wato Adaidaita Sahun Sudan. A bayan tamfol ɗinsa ya zana bindigar kilashi biyu a gicciye, da kan zaki a tsakiya, da gargaɗi cikin jan fenti cewa duk wanda ya matso ya kuka da kansa. Na taɓa leƙa ƙarƙashin kujerarsa ranar da tayarsa ta yi faci. Abin da ke ciki sifana ce, da tsumma, da rabin burodi. In ɗan sandan hanya ya ɗaga masa hannu, zakin nan ne zai fito yana "ya sa'adtak, ya sa'adtak", har da cire hula. Ba shi da mugunta ko kaɗan. Fenti ne kawai ya yi masa araha.

Sai mai kaza a aljihu, wanda Hausawa suka ce ba ya jimirin as. Shi kam yana da bindiga da gaske, da lasisinta, kamar yadda dokar makamai ta 1986 ta tanada. An gaya masa sirri ne, shi ma ya yarda sirri ne, har ya rantse. Amma jikinsa ne bai yarda ba. A zafin Afirilu, lokacin da kwalta ke narkewa, za ka gan shi da falmaran a kan jallabiya, gumi na bin ƙeyarsa. In zai zauna sai ya karkace kamar mai maruru. Duk bayan ɗan lokaci hannu ya kai ƙugu ya shafa, kamar mai tsoron kada ta gudu. Ba ya juya wa ƙofa baya, ko da a gidan surukai. A masallaci ruku'unsa daban yake da na jama'a. In yaro ya fasa leda a bayansa, shayi ya ƙare a cinya. Bai taɓa manna sitika ba, ya ce wannan aikin yara ne, amma tun daga mai wankin mota har almajirin da ke karɓar sadaka, babu wanda bai san a wane gefe take ba. Wata rana mai shayin ta miƙa masa kofi ta ce, "Alhaji, karɓi da hagu, na ga dama tana gadi." Kwana uku bai zo ba.

Akwai kuma surukin hukuma. Shi bai taɓa shiga soja ba, ko faretin makaranta bai iya ba, amma ƙanin matarsa kanar ne. Saboda haka akwai hular soja a kan allon gaban motarsa, wadda rana ta cinye har launinta ya koma na kunun gyaɗa, ga gilashi baƙi wuluk. Ba ya cewa yana da bindiga, ba ya cewa ba shi da ita. In gardama ta yi zafi sai ya zaro waya ya yi kamar yana neman lamba, yana girgiza kai. Shekara goma ina ganinsa, ban taɓa jin kanar ɗin ya ɗauka ba.

Ɗan gwanjo ba ya buƙatar dogon bayani: wando mai dabbare-dabbare daga kasuwar Libiya ta Umdurman, takalmin soja da ya fi ƙafarsa lamba biyu, da tafiyar da ya koya a fim.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne jarumin Facebook. An yi biki a dangi, wani ya zo da kilashi don harbin sama, shi kuma ya roƙa a ba shi ya riƙe na minti ɗaya. A cikin wannan minti aka ɗauke shi hoto goma sha biyu. Ya sa ɗaya a fuskar shafinsa, ya rubuta a ƙasa cewa maza ba sa barci. Yatsansa ma ba a inda ya kamata yake ba, masana sun gaya mini. Mahaifiyarsa ta ce, "Ɗan nan, cire hoton nan." Ya ce, "Inna, ke ba ki san zamani ba."

Ba zan tsallake ɗan'uwanmu mai tauri ba, kada a ce na rufa wa gida asiri. Shi gadonsa ya taho da shi tun daga yamma, ta hanyar da kakanninmu suka bi zuwa Makka har wasu suka yada zango a Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba ya yarda da sitika, layu ne sitikarsa: guru a ƙugu, kambu a damtse, kuma sai ya naɗe hannun riga don kowa ya gani. Ƙarfe ba ya cinsa, in ji shi. Allurar rigakafi ce kawai ba ya so a yi maganarta.

Haka muke ta dariyarmu har ranar Asabar 15 ga Afirilu 2023, ana cikin azumi, da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Burhan da Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa na Hamidti. Cikin 'yan kwanaki unguwanninmu na gabashin Nilu suka cika da motocin da 'yan Sudan ke kira Tacar, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da aka girka wa babbar bindigar doshka. Waɗannan ba fenti ba ne. Kowace mahaɗa aka kafa shinge, kuma mutanen da ke kan shingen masu karatun alama ne. Suna neman soja, da ɗan sanda, da wanda ya yi ritaya, da duk mai kama da su. Suna buɗe waya su bi hotuna ɗaya-ɗaya. A ranar ce kowane jarumi ya gane cewa abin da ya shekara yana faɗa da riga da gilashi, ashe akwai mai sauraro.

Surukin hukuma ya jefa hular kanar a masai da hannunsa. Ɗan gwanjo ya ƙone wandonsa a bayan gida, ya koma jallabiya kamar limami. Jarumin Facebook ya kwana yana goge hotuna, yana tambayar Inna ko akwai sauran wanda ta gani. Direban rakasha ya nemo baƙin fenti ya shafe zakin, ya rubuta addu'ar tafiya a kai, sai dai in rana ta haska sosai bakin kilashin yana leƙowa ta ƙarƙashin addu'ar. Mai kaza a aljihu ya naɗe kazarsa a leda ya binne a gindin bishiya, ya bar gari da iyalinsa kamar yadda miliyoyi suka bari. Ban ji an ce ta hana kowa shiga gidansa ba.

A nan ne wani sabon iri ya tsiro, mai kankara da mannawa. Da ya ga wane ne ke riƙe da gada, sai ya sayi kadamul, rawanin nan mai rufe fuska sai ido, ya naɗa don ya riƙa wuce shinge ba tambaya. Ya manta, ko bai taɓa sani ba, cewa tun 2017, lokacin aikin tattara makamai, hukuma ta hana naɗa kadamul a Darfur, tare da farautar motocin fasa-ƙwauri marasa lamba da 'yan Sudan suka laƙaba wa suna Boko Haram (Bahaushe kan yi shiru in ya ji wannan suna a bakin dillalin mota). To da soja suka dawo a farkon 2025, suka karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris, rawanin da ya zame masa fasfo jiya ya koma takardar tuhuma. Ya cusa shi cikin matashi, ya nemo tuta ya manna a ƙofa. Sau biyu ya kankare, sau biyu ya manna, kuma maƙwabta suna da ido duka sau huɗun.

Mutum biyu ne kawai a lissafina ba su canza komai ba. Ɗaya mai agashe ne, wato tsirenmu da 'yan Sudan suka karɓa har da sunansa. Wuƙarsa ta fi ta kowa tsawo, a fili take a kan tire, yana wasa ta a gaban jama'a, kuma babu wanda ya taɓa ja da baya sai dai a matso da kuɗi. Ɗayan wani dattijo ne mai kawo madara a kan jaki. Shekaru muna gaisawa, ina ce masa Baffa. Ban san yana ɗaure da wuƙar damtse a ƙarƙashin hannun riga ba sai ranar da igiya ta shaƙe wani maraƙi a bakin garke. Kafin mu gama salati ya yanke igiyar, ya goge wuƙar a gefen zani, ta koma inda ta fito. Na ce, "Baffa, ashe da makami kake yawo?" Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Wane makami? Wuƙa ce." Ya hau jakinsa.

Wannan na gaya wa ƙanena. Ya yi shiru, sannan ya ce ai sitikar da ke motarsa 'yar ƙarama ce, kuma kyauta aka ba shi a shago. Na ce masa ruwan zafi da reza suna cire ta, kuma ya turo mini hoton gilashin in ya gama.