Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwaggo Kwamfuta

Zuwa ga Gwaggo Kwamfuta,
Ƙarƙashin tebur, shagon buga takardu,
Unguwar Yelwa, Garwa.

Ina fatan kina lafiya, ko da yake gurnanin fankarki ya riga ya ba ni amsa. Na ɗauki alƙalami ne saboda magana da baki ta gagara: duk abin da na tambaye ki, sai ki nuna mini ɗan jan kuros a kusurwar allo ki yi gum.

Gwaggo, ban raina ki ba. A gwanjo kika zo mana daga Duwala, bayan kin gama yi wa wani ofishin Turai bauta, ɗauke da Windows XP ɗinki na 2001. Tun daga nan kike buga wa mutane takardun neman aiki a kamfanin Sodecoton, da katin ɗaurin aure, da wasiƙun neman rance. Amma yanzu ɗaliban Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, su ne masu kawo mana kuɗi, kuma su intanet suke so. Su yi layi har bakin titi, ke kuwa ki ce babu rezo.

Da farko mun wanke ki tas. A Garwa in rezo ya ɗauke, akwai waɗanda za a tuhuma kafin a zo kanki. Intanet ɗinmu matafiyi ne: daga wayoyin ƙarƙashin teku da ke fitowa a Duwala, Limbe da Kiribi yake tasowa, ya ratsa ƙasar nan kaf kafin ya ga kogin Binuwai. Ba mu manta 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin suka yanke a gaɓar Kwaddebuwa, ƙasashe da dama suka wayi gari tsit. Ga kuma wuta, wadda in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ita ma takan ja baya. Muna cikin jera miki waɗannan uzurori sai na hangi yaron shago yana kallon ƙwallayen ƙungiyar Coton Sport a wayarsa, da rezon modem ɗin nan da kika ce ya mutu. Nan zargi ya dawo gida.

Mai gyara ya zo. Ya durƙusa, ya haska bayanki da fitilar waya, ya ce ƙananan fitilu biyu na ramin da ake soka wayar intanet ya kamata su riƙa ƙiftawa. Naki ko ɗaya. Ashe ɗan harshen roba da ke riƙe kan wayar ya karye tuntuni, wani gwani ya tokare shi da tsinken ashana. Ya datse kan, ya jera siraran wayoyi takwas bisa launinsu, ya matse sabo. Da ya buɗe cikinki kuwa, Gwaggo, kin ba ni kunya. Ƙurar hunturun shekara da shekaru ta yi kirtani a kan katin rezo, har da yanar gizo-gizo, ta ainihi. Ya hure, muka yi ta atishawa, ya zare katin ya mayar. Fitila ta kawo kore.

Na ce alhamdu lillahi. Ya ce tukuna, Alhaji. Adireshinki ya fara da 169.254, wato lambar da kwamfuta ke laƙaba wa kanta in ta nemi modem ya ba ta adireshi bai kula ta ba. Aka kashe modem aka kunna, kika karɓi 192.168 kamar kowa, mai gyara ya aika ping, amsa ta dawo.

Sai kuma shafuka suka ƙi ki. Aka duba agogonki: 1 ga Janairu 2005! Ɗan batirin nan CR2032, mai kamar kwabo, wanda ke riƙe miki kwanan wata in an ɗauke wuta, ya mutu. Kowane shafi mai tsaro yana zuwa da takardar shaida mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa, ke kuwa a lissafinki ba a ma rubuta takardun ba tukuna, shi ya sa kike ce musu jabu. A lissafin nan naki ko yaron shago ba a haifa ba. Aka sa sabon batiri, kika dawo zamaninmu.

Duk da haka rabin shafukan ba su buɗu ba, kuma nan ne mai gyara ya tattara kayansa. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, Chrome ya bi sahu a 2016. Ya ce hanya ta buɗe, amma Gwaggo ba ta jin yaren 'yan zamani, kuma ƙofarta ba sakata, kowane ɓarawon intanet zai iya shiga.

Ga hukunci. Ba zan miƙa ki ga 'yan gwangwan ba, duk da sun taya. Na ɗauke ki daga ƙasa, na sa an ɗinka miki mayafi saboda ƙura, kuma in zafin Afrilu ya haura digiri 40 za ki samu fanka taki ke kaɗai. Intanet kuwa kin yi ritaya; za a kawo yarinya ta karɓe ki. Ke ki riƙe buga takardu. Roƙona ɗaya: don Allah kar ki ƙara mutuwa a tsakiyar katin ɗaurin auren mutane.

Naki ɗa mai biyayya,
Mai shago.