A Dawo Mana da Shi Bakin Titi

Mu mutanen Shabu ba wanda ya fi mu son boko, in dai a baki ne. Zauna a kowace majalisa bayan la'asar, kafin shayi ya huce an gyara ilimin Najeriya tas. Muna ma da abin tinƙaho: tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a ƙofar gidanmu take, Jami'ar Tarayya ga ta nan a Lafiya, kwalejin horar da malamai ta Akwanga kuwa titi ɗaya ne ɗoɗar. In baƙo ya zo, sai mu yi ta lissafa masa su, kai ka ce mu muka kai bulo.

To amma bari a ɗauki ɗanmu aikin koyarwa. An sha bin ƙafa, an sha addu'a, suna ya fito, har da raba goro. Sai takarda ta ce an tura shi wani ƙauye can ciki, inda ɗan acaɓa ke ninka kuɗi da damina. A daren nan za mu fara sallama gida-gida. "Kawu, ba ka da kowa a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma?" "Baba, ka sa baki, yaron nan gyambon ciki gare shi." Gyambon da ba a taɓa jin labarinsa ba sai ranar! In mace ce ma magana ta ƙare, ai mijinta a gari yake. Kafin zangon karatu ya fita an dawo mana da shi bakin titi, mun yi godiya, mun ce Allah ya bar zumunci.

Shi ya sa makarantar bakin titi za ka tarar da malamai sun yi wa azuzuwa yawa, wata na tallar atamfa, wani na lissafin adashi. Ta ƙauye kuwa hedimasta ne da mutum ɗaya ko biyu, sun haɗa 'yan aji uku da na huɗu da na biyar a ƙarƙashin mangwaro, ranar da ɗaya ya tafi banki a gari kuma an tashi ke nan. Washegari mu ne a majalisa muna cewa gwamnati ta kashe ilimi.

Gwamnatin ba wanke ta zan yi ba. Tun 1976 aka kawo ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1999 Obasanjo ya sake ƙaddamar da wani shirin a Sakkwato, dokar 2004 ta ce shekara tara kyauta ne kuma dole. Kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya aka ware, jiha sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Sai dai kuɗin ya fi sanin hanyar siminti da kwano. Da tsohon gwamna Tanko Al-Makura ya yi mana firamare mai bene, har hoto muka je muka ɗauka a gabanta, ba wanda ya tambayi malami nawa za su hau benen. Kuma malamin da ya ga shekarun da ake biyan albashi kashi-kashi, ya zo ya ga kuɗin mota bayan cire tallafin mai a 2023, in ya guje wa ƙauye ba za a ce ba shi da dalili ba. Dattawanmu suna ba da labarin malaman da, masu zuwa a keke, gari ya ba su ɗaki, a kai musu doya da kaka. Mu labarin muka gada, ɗakin kuwa haya muke sa masa.

Ga kuma yaron da ya tashi da Gwandara ko Eggon a gida, Hausa a layi, littafi da Turanci. Wanda zai zauna ya yi haƙuri da shi shi ne wanda muka ɗauke. Mu ma da an fara yankan riɗi ko haƙar doya sai mu kwashe yaran, wai kwana biyu ne, su koma sun manta inda aka tsaya. A kira taron iyaye da malamai, kowa na da biki ko jana'iza.

Mai ɗan hali a cikinmu tuni ya kai nasa makarantar kuɗi. Wa ke koyarwa a can? Abokin karatun ɗanmu ne a Akwanga, wanda bai da kawu a ofis, ana biyan sa abin da bai kai buhun masara ba. A can ba ma gardamar kuɗin littafi, har na bikin kammala nazire muna biya, a ɗinka wa ɗan shekara biyar doguwar riga da hula mai tuntu, a kira mai hoto, a dafa shinkafa. Wannan taron kam ba mu taɓa fashinsa ba, har anko muke yi.