Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwaɗon Ƙofa

Daga Zonkwa, Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, Jihar Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ko da yake na san damina ba ta barinka lafiya a wannan yanki namu, na rubuto maka ne a madadin 'yan haya da masu shaguna da dattawan coci da ladanai, da duk wanda tarin makullai ya taɓa yaga wa aljihun wando. Babu wanda ya zaɓe ni wakili. To, kai ma babu wanda ya zaɓe ka, amma daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Zonkwa har Kafanchan da Kagoro da Samarun Kataf, da wuya a sami ƙofar da ba ka rataye a kanta kana mulki ba. Akwatin baiko a hannunka yake, ɗakin lasifikar masallaci a hannunka yake, har rijiya da banɗakin gidan haya ka karɓe.

Mun ɗauke ka aiki ne don ka hana ɓarawo shiga. Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka ga wanda ka fi hanawa shi ne mai gida. Mutum ya dawo daga gona a jiƙe, hadari na biye da shi daga tsaunukan Kagoro, ya zura makulli, ka ƙi. Ya lallaɓa ka, ya hura maka iska, ya yi maka addu'a da Hausa ya sake da Jju, ka yi kunnen uwar shegu. Ya murɗa da ƙarfi, makullin ya karye a cikinka. Daga nan sai aron guduma, sai yaran unguwa su kewaye shi suna kallon magidanci yana fasa gidansa da hannunsa.

Kada ka zaci ban san asalinka ba. Na san kakanninka na katako tun a tsohuwar Misira suke aiki da 'yan sanduna masu faɗawa cikin sakata. Na san Linus Yale ƙarami, Ba'amurke, ya yi rajistar irin cikin da yawancinku ke yawo da shi yau a 1861 da 1865: 'yan ƙananan ƙarafa masu tsayi daban-daban, kowane da sifirin a bayansa, sai haƙoran makulli sun ɗaga su sun daidaita a layi ɗaya kafin ciki ya juya. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Na kuma san labarin da danginka ke alfahari da shi. Kamfanin Joseph Bramah ya ajiye wani kwaɗo a tagar shagonsa a Landan shekaru da dama, da alkawarin ladan kuɗin Ingila gini 200 ga duk wanda ya buɗe shi ba da makulli ba. Sai a 1851 wani Ba'amurke, Alfred Hobbs, ya yi nasara, bayan ya shafe awa 51 cikin kwana 16 yana fama da shi. Mutumin nan ya girmama ku. Ya zauna, ya saurari cikinku, ya yi haƙuri.

Ɓarayinmu ba su da wannan ladabin. Ko gaishe ka ba sa yi. Suna duba kunnen da aka saƙala ka, wanda kafinta ya kafa da ƙusa uku a ruɓaɓɓen katako, ko wanda mai walda ya ɗiga wa wuta sau biyu don janareta na shan mai. Idan kunnen ya yi gardama, su ɗaga kwanon rufi. Da safe sai a tarar da kai a rataye, a kulle, ko ƙwarzane babu, kana ƙyalli da alfahari, shago kuwa an share shi tas. Tun da cutar ruɓa ta afka wa gonakin citta a 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabi, na ga ɗakunan ajiya da aka jera musu irinka har uku a ƙofa ɗaya, alhali bangon baya na laka ne, tagar kuma buhu aka toshe ta da shi. Ku ukun nan ba ku taɓa ce wa mai kaya uffan ba. Kun karɓi muƙami kun yi shiru.

Sai maganar son zumuncinka. Na san a danginku akwai 'yan asali, irin su Yale da Viro na Italiya da Tri-Circle da ake ƙerawa a Yantai ta ƙasar Sin. Amma tiren mai talla cike yake da jabu, masu nauyin gwangwani, waɗanda aka rage musu ƙarafan ciki don a rage kuɗi. Idan ƙarafan suka yi kaɗan, yankan makullan ma kaɗan ne, sai a wayi gari makullin mai shayi yana buɗe shagon tela, na tela yana buɗe kejin kajin maƙwabci. Haɗin kan al'umma abu ne da muke nema ido rufe a kudancin Kaduna, amma ba irin wannan muka roƙa ba.

Na san abin da za ka ce: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Za ka ce mutanenmu ba sa tunawa da kai sai ranar da ka ƙi buɗewa. Wannan kam ba ƙarya ka yi ba. Ruwan Agusta ya yi ta dukanka babu mai yanko tsohuwar robar taya ko gindin gora ya rufa maka, tsatsa ta cinye sifirin ɗinka. Ka fara tauri, sai a ɗura maka baƙin mai na inji, wasu har manja ko man gyaɗa. Ka yi laushi na mako biyu, kowa ya ji daɗi. Hunturu ya zo da ƙurarsa, ta haɗu da man ta zama kunu a cikinka, ƙarafan su liƙe. Alhali abin da ya dace da kai ba ya da tsada: a goga bakin fensir a haƙoran makulli a zura a fitar, garin ya yi maka santsi ba tare da ya kama ƙura ba. A duba ƙofar da ta sunkuya, a ɗaure ƙusoshin da suka saki, don sau da yawa kubar da ake zagi lafiyarta ƙalau, ƙyauren ne ya kumbura da damina ya danne mata harshe.

Wanda ya san duk wannan shi ne mutumin da ba ka taɓa yi wa godiya ba, mai yankan makulli da ke zaune a gefen kasuwa da ɗan tebur da magagari da zoben makullai marasa haƙora. Shi ne likitanka. Da wuta ya yanka da inji, babu wuta ya goga da hannu yana ɗaga makullin sama yana auna shi da ido. Kullum yana faɗa wa mutane su kawo masa makulli na asali, don wanda aka yanka daga yankakke, aka sake yanka wani daga shi, kowane yana ɗauko kuskuren na gabansa ya ƙara nasa, har jikan ya zo ƙofa ka ce ba ka san shi ba. Ba a jin maganarsa. Ana kiransa ne bayan an gama da guduma, a kuma yi masa ciniki har ya ji kunya. Ga shi amanar da ke hannunsa ta fi ta mai gadin banki, domin siffar makullin rabin gari ta wuce ta gaban idonsa, bai taɓa bin ko ɗaya gida ba.

Akwai abin da ba zan faɗa da dariya ba. Mutanen wannan yanki sun ga rikicin Afrilun 2011, sun ga kasuwar Kafanchan ta ƙone, sun san wuta ba ta tambayar makulli. Ban ɗora maka laifin wancan ba, aikin mutane ne. Amma tsoro ya sa mun ƙara maka iko fiye da kima: ƙofar ƙarfe, ƙarafa a kowace taga an walde su babu mafita, kai a ciki, ƙaninka a waje, makulli kuma a aljihun mai gidan haya da ya tafi biki Kaciya. Ranar da risho ya kama da dare, wa ka tsare? Dokar hana fita ta gwamnati, da muka sha ta muka ƙoshi, akan sassauta ta a ce a fita a sayo abinci. Taka babu sassauci. Ko taga ɗaya ce a kowane gida a yi mata ƙarfe mai buɗewa, makullinta a rataye inda yaro zai kai hannu.

Na ji kana hassada da ƙannenka na zamani, kyamarar tsaro da kuba mai karanta yatsa. Kwantar da hankalinka. Kyamarar da na fi gani gizo-gizo ya yi mata labule, agogonta na nuna shekarar da aka ƙera ta, batirin solar ya mutu tun bara, kuma babu wanda ya tuna lambar sirrin sai yaron da ya haɗa ta, shi kuwa ya koma Abuja. Ciwonku ɗaya: ana sayenku da ɗoki, a kira maƙwabta su gani, ba a ware ko sisi don mai duba ku. Har gobe tarin tsohon maigadi da haushin kare da tsohuwar da ba ta barci a gidan da ke kallon namu sun fi ku korar ɓarawo, kuma ba a taɓa ɗura wa ɗayansu baƙin mai ba.

Saboda haka ga matsayarmu. Mu za mu saya maka fensir da rigar roba, mu kira mai walda ya gyara maka kunne da gaske, mu biya mai yankan makulli ba tare da mun ce ya rage ba. Kai kuma ka riƙa gane mai gidanka, ko da dare ne, ko da hannunsa na rawa don sanyi. Na ba ka daga nan zuwa girbin citta. Na riga na tambayi kuɗin zarton ƙarfe a kasuwa, kuma bai kai kuɗinka ba.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya bisa tilas,
Wani ɗan haya a Zonkwa.